Kakin mota: Yadda ake shafa shi da goge shi a ƙasar zafi da ƙura

Motar da ke zirga-zirga tsakanin Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi tana fuskantar yanayi iri uku a kowace shekara, kuma kowannensu yana cin rabonsa a jikin fentinta. Hunturu na zuwa da ƙura, bazara na zuwa da rana mai ƙuna, damina kuma na kawo laka da ruwan da ke bushewa ya bar tabo. Ga ɗan kasuwar da motarsa wani ɓangare ce na jarinsa, ko ma'aikacin da ya shekara da shekaru yana tara kuɗinta, lalacewar fenti asara ce ta kuɗi, domin jiki shi ne abu na farko da mai saye ke dubawa kafin ya ce a buɗe masa inji.

Kakin mota na cikin hanyoyi mafi sauƙin kuɗi na kare fenti. Sai dai aikinsa yana da ƙa'ida. Wanda aka shafa a kan jikin da bai fita da kyau ba, ko a tsakar rana, ko aka lafta shi da kauri, ɓarnar da yake jawowa kan fi amfaninsa. Abin da ke sa aikin ya yi kyau shi ne tsaftar jikin motar da sanyin ƙarfenta da kuma goge kakin a kan lokaci. Tsadar gwangwanin ita ce ta zo daga baya.

Mene ne kakin mota?

Kakin mota haɗi ne na kaki da mai da wani sinadari mai narkar da su, wanda ke tashi a iska bayan an shafa. Idan sinadarin ya tashi, sai ya bar wani siririn shafi a kan fenti da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, ya rage manne wa datti, ya kuma ƙara wa launi sheƙi.

Kakin da ya fi shahara a wannan aiki shi ne karnuba. Ana samun sa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin ƙasar Burazil, musamman jihohin Piaui da Ceara. Bishiyar tana lulluɓe ganyenta da kakin ne don kada zafin rana ya tsotse ruwan jikinta. Manoma kan sare ganyen, su shanya shi, su kakkaɓe garin da ke kansa, sannan a narkar a tace. Karnuba ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Selshiyos, alhali kakin zuma yana narkewa tun daga wajen digiri 62. Wannan juriya ce ta sa aka fifita shi a kan mota. Ana kuma amfani da shi a man takalmi da alewa da rufin wasu ƙwayoyin magani.

Tsantsar karnuba tana da tauri ƙwarai, ba ta shafuwa. Saboda haka idan aka ga an rubuta a jikin gwangwani cewa karnuba ne ɗari bisa ɗari, abin da ake nufi shi ne kakin da ke cikin haɗin duka karnuba ne, amma akwai mai da sinadarin narkarwa tare da shi.

Sana'ar ta girmi yawancin kamfanonin motar da aka sani a yau. Kamfanin Meguiar's ya faro a Amurka a 1901 da man goge kayan katako, Simoniz ya biyo baya a 1910, Turtle Wax kuma ya fito a birnin Cikago cikin shekarun 1940.

A yau kaki iri uku ne a kasuwa ta fuskar siffa: mai kauri na cikin gwangwani, mai ruwa na cikin kwalbar roba, da na fesawa. Na fesawa ya fi sauƙin aiki, kuma shi ya fi saurin gushewa. Akwai kuma na haɗin sinadarai zalla wanda babu karnuba a cikinsa, ya fi daɗewa a ƙasar zafi. Karnuba kan yi makonni shida zuwa wata uku, na sinadarai kan kai wata huɗu zuwa shida. Motar da ke kwana da wuni a fili ba ta cika kai ƙarshen waɗannan wa'adodi ba.

Fentin da ake karewa

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, sai na share fage, sai na launi, sannan shafin sama marar launi wanda shi ne ke sheƙi, shi ne kuma ke tare hasken rana. Dukansu a haɗe ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafin saman shi kaɗai yana tsakanin maikuron 35 zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashin mutum ba. Shafin kaki kuma bai kai ko maikuron ɗaya ba.

Waɗannan alƙaluma na nuna abu biyu. Na farko, kaki ba zai hana ƙarzanar maɓalli ko tsakuwa ba. Aikinsa shi ne ya karɓi ƙananan bugun yau da kullum, ya ƙare, a sake shafa wani. Na biyu, shafin saman fenti ba ya tsirowa idan ya tafi. Motar da aka ga rufinta da bonet ɗinta sun yi fari-fari suna ɓamɓarewa kamar saɓar maciji, shafin samanta ne ya mutu. Kaki ba ya yi mata magani, sai dai a koma wurin mai fenti.

Tsofaffin motoci da dama, irin su Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da kuma motocin haya da aka sake wa fenti a gareji, ba su da wannan shafin sama. Launin da sheƙin a haɗe suke. Ana gane su idan aka goga farin ƙyalle da ɗan man gogewa a wani lungu: in launin motar ya fito a ƙyallen, to fentin mai hawa ɗaya ne. Irin wannan fenti ya fi saurin kodewa a rana, don haka ya fi buƙatar kaki a kai a kai.

Kaki daban, man gogewa daban

A yawancin wuraren wankin mota, kalmar folish ce ake kiran duk abin da ke sa mota sheƙi. Amma abubuwa ne mabambanta, kuma rashin bambance su na cin fenti.

Man gogewa na ainihi yana ɗauke da ɓarɓashi mai laushi da ke kankare ɗan kaɗan daga saman fenti domin ya daidaita shi, ƙananan zane-zane su ɓace. Akwai mai kaushi da masu fenti ke amfani da shi bayan sun gama fesawa, akwai mai laushi na kammalawa. Duk lokacin da aka yi amfani da su, fenti ya ragu. Kaki shi ba ya kankare komai, ɗora shi ake yi a kai. Sannan akwai wanda aka haɗa biyun a gwangwani guda, yana ɗan kankara yana kuma barin kaki.

Mai motar da ke biyan kuɗi duk ƙarshen wata a murje masa mota da mai kaushi, yana ganin sheƙi a ranar, amma yana sayar da shafin saman fentinsa ne kaɗan-kaɗan. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Man gogewa ana yin sa ne idan akwai zane ko dusashewa da ke buƙatar gyara, sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Kaki ne ake maimaitawa.

Abin da yanayin yankin ke yi wa mota

Jega mahaɗar hanyoyi ce. Daga nan hanya ta yi Birnin Kebbi, wata ta bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, wata kuma ta yi kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kwantagora. Manyan motocin da ke ɗaukar albasar Aliero da shinkafa da sauran kayan kasuwar Jega suna tayar da ƙura da tsakuwa, ƙananan motoci na biye da su suna sha. Ma'aikatan ƙananan hukumomin uku da na jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar da aka kafa a Aliero a 2006, da yawansu kan ajiye mota a fili tun safe har la'asar.

Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ɗauki busasshen tsumma da safe ya share ƙurar da ta kwanta a kan mota, tamkar ya bi ta da takardar yashi ne. Wannan ɗabi'a ita ce babbar sanadin zane-zanen da ake gani kamar saƙar gizo a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta.

Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin kan haura digiri 40, kuma jikin baƙar mota a tsakar rana kan wuce digiri 70. Kakin da aka shafa a kan irin wannan ƙarfe yana bushewa kafin ya baje, ya daskare, ya ƙi goguwa.

Inuwar dogon yaro tana rage zafi, amma tana zuwa da kashin tsuntsaye da na jemage da ɗigon bishiya. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai ci, kuma a kan fenti mai zafi yana iya barin tabo cikin 'yan sa'o'i. Kaki na ƙara wa mai mota lokaci ne kawai kafin tabon ya kama, don haka a jiƙa wurin da ruwa a ɗauke shi da zarar an gani.

Ruwan wankin ma abin dubawa ne. Na gulbi da na tafki kan zo da yashi, na wasu rijiyoyin burtsatse kuma kan bar farin tabo idan ya bushe a jikin mota. Mai ɗaukar takin zamani a bayan motarsa ya sani cewa gishirin taki yana gaggauta tsatsa, a wanke shi da ruwa mai yawa a ranar.

Shiri kafin shafawa

Mafi yawan aikin yana cikin shiri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko da yamma lis, a cikin rumfa ko gareji inda iska ba ta kaɗo ƙura. A taɓa bonet da bayan hannu, in da ɗumi a jira. Motar da aka kashe injinta yanzu, sai ta huce. Ranar da hazo ya rufe gari, gara a ɗage aikin sai dai in akwai ɗaki mai ƙofa.

A fara da watsa ruwa sosai daga rufi zuwa ƙasa domin ƙura ta sauka ba tare da an taɓa ta ba. Sannan a tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da aka wanke wani sashe, a ɗauraye soson a ruwa zalla kafin a mayar da shi cikin sabulu, yashin ya tsaya a can. Tayoyi da gindin ƙofofi su zo a ƙarshe, da soso na daban.

Sabulun wankin mota na musamman shi ya dace. Garin sabulun wankin tufafi da na wanke-wanke an yi su ne don su narkar da maiƙo, saboda haka suna rage kwanan kaki, suna kuma busar da robobin tagogi. Garin da bai narke ba yana yin zane.

Bayan wanka a tsane motar da tawul mai laushi, kada a bar ta ta bushe da kanta. Wanda ya fi dacewa shi ne tawul ɗin maikurofaiba, mai siraran zaren roba da ke riƙe ƙura a cikinsa. Tsohuwar singileti ko yankin buhu ba su dace ba. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi.

Daga nan a sa hannu cikin siririyar leda a shafa jikin fentin. In an ji kaushi kamar tsakuwoyi ƙanana, akwai dattin da ya manne wanda wanka bai fitar ba. Ana cire shi da wani yumɓu na musamman da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Ana jiƙa wurin da ruwan sabulu, a riƙa zame yumɓun a hankali har a daina jin kaushin, ana ninke shi lokaci-lokaci don a samu gefe mai tsabta. Ɗigon kwalta kuwa akwai maganinsa na musamman. In babu, ɗan kananzir a ƙyalle yana narkar da shi, amma a wanke wurin da sabulu nan take. Fetur da tina ba su da wuri a wannan aiki, suna iya dusashe fenti, musamman wanda aka sake fesawa.

Yadda ake shafawa

Ana shafa kaki da ɗan soso mai laushi, wanda galibi ke zuwa a cikin gwangwanin. In mai kauri ne, a ɗan juya soson sau ɗaya a kansa. In mai ruwa ne, a girgiza kwalbar, a ɗiga kamar ƙwayar wake uku ko huɗu a kan soson. Ba a zuba shi kai-tsaye a jikin mota.

A ɗauki motar sashe-sashe: rufi, bonet, but, sannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. A shafa da hannu marar nauyi, layi na bin layi yana ɗan hawa kan na baya. Masu aikin da dama sun fi son shafawa a miƙe maimakon zagaye, domin idan aka yi rashin sa'a wata ƙwayar yashi ta shiga soso, zanen da ya tafi a miƙe bai kai na zagaye fitowa a ido ba.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne kauri. Abin da ke manne wa fenti ɗan siriri ne, duk abin da ya ƙaru a kai gogewa za a yi a zubar. Shafin da ya yi daidai da ƙyar ake ganin sa, sai an karkata kai an dubi haske. A farar mota ya fi wuyar gani, don haka a riƙa lura da inda aka tsaya. Gwangwani guda, in ana yi bisa ƙa'ida, yana isar ƙaramar mota sau da yawa.

A kauce wa baƙar robar bamba da ta gefen madubi da ta tagogi, da gilashi, da ramukan tambarin mota. Wanda hannunsa bai saba ba, ya manna tef ɗin takarda irin na masu fenti a bakin robobin kafin ya fara.

Akwai injin gogewa iri biyu. Mai juyawa wuri guda da ƙarfi yana tara zafi, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yana cinye fenti a kan kusurwoyi cikin daƙiƙoƙi. Mai juyawa yana karkaɗawa ya fi aminci. Shafa kaki dai ba ya buƙatar inji, hannu ya wadatar.

Yadda ake gogewa

Bayan shafawa, kakin zai dusashe ya yi kamar hazo. Tsawon jiran yana rubuce a jikin gwangwani, galibi mintuna biyar zuwa goma sha biyar, amma an ƙiyasta shi ne da yanayin ƙasashe masu sanyi. A busasshiyar iskar Kebbi ya fi haka sauri, da damina kuma ya fi jinkiri. Wasu nau'o'in ma ana goge su ne tun suna ɗanye, shi ya sa karanta bayanin yake da muhimmanci.

Gwajin da bai cika kuskure ba shi ne na yatsa. A ja yatsa mai tsabta a kan shafin. In ya bar layi garau mai sheƙi, lokaci ya yi. In ya bar maiƙo-maiƙo, a ƙara jira kaɗan.

A ninke tawul mai tsabta gida huɗu, wanda zai ba da fuska takwas. A ɗauke kakin da fuska ɗaya, a juya a kammala da wata. Da zarar fuskar ta cika da gari, a canza. Ba a dannawa da ƙarfi. In sai an yi kokawa kafin ya fita, to an lafta da yawa ko an bar shi ya wuce lokaci. A irin wannan yanayi ya fi kyau a shafa sashe ɗaya ko biyu a goge, maimakon a shafe motar duka sannan a dawo, domin kafin a zagayo na farkon ya ƙafe, ƙura kuma ta sauka a kai.

Idan kaki ya riga ya daskare, kada a kankare shi da farce ko busasshen tsumma. A shafa ɗan sabon kaki a kansa, sinadarin da ke cikin sabon zai narkar da tsohon, sai a goge su tare nan take. Tawul mai ɗan damshi ma yana taimakawa.

A ƙarshe a buɗe ƙofofi da bonet da but a share bakunansu, a bi ramukan tambari da tsagogi da burushi mai laushi. Sannan a fitar da motar haske a zagaya ta, domin akwai shatin da ba a gani a inuwa. Yana da kyau a bar ta ta kwana ba ta taɓa ruwa ba, musamman in kakin na haɗin sinadarai ne.

Cire wanda ya kauce da wanda ya tsufa

Kakin da ya taɓa baƙar roba yana shiga ƙananan ramukanta, bayan kwana biyu ya fito fari. Ana fitar da shi da tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu mai ɗumi, ko da farar robar goge fensir. Shafa masa man gyaɗa ko baƙin mai yana ɓoye farin ne na ɗan lokaci, ya kuma janyo ƙura.

Wanda ya hau gilashin gaba ya fi haɗari. Da rana ba a lura da shi, amma da dare ana ruwa, waifa na baza shi, fitilun motocin da ke tahowa su tarwatse a idon direba. A goge gilashin da sifirit ko ruwan wanke gilashi, a goge robar waifar ita ma.

Akan buƙaci cire tsohon kaki gaba ɗaya a lokuta uku: idan za a sauya zuwa wani nau'i, idan za a manna sitika ko rubutun kamfani, da kuma idan za a yi fenti. Kaki na haɗin sinadarai ba ya kama fenti da kyau in akwai karnuba a ƙasa. Yumɓun da aka ambata da man gogewa mai laushi duk suna ɗauke tsohon shafi. Haka ma sinadarin aisofurofil da ake samu a shagunan magani, idan aka sirka kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu ko biyar, a shafa a inuwa a goge nan da nan.

Mai fenti ya fi kowa buƙatar wannan tsafta. Yawancin kakin mota da man ƙyallin taya suna ɗauke da silikon, kuma ko ɗan kaɗan ya rage, sabon fenti zai riƙa gudun wurin ya bar ƙananan ramuka kamar idon kifi. Mai mota ya sanar da mai fenti abin da ya saba shafawa.

Alamar da ke nuna kaki ya ƙare ita ce ruwa. In an watsa shi a kan bonet mai tsabta ya dunƙule ƙanana-ƙanana, kakin na nan. In ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi.

Inda ba a shafa kaki

Motar da aka yi wa sabon fenti a gareji ba a shafa mata kaki sai bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin fentin, domin sinadaran cikinsa na ci gaba da fita. Sabuwar mota daga masana'anta ba ta cikin wannan, an riga an gasa fentinta. Fentin da aka yi shi da gangan marar sheƙi shi ma ba a sa masa kaki na gama-gari.

Ba a shafa shi a sitiyari ko feda ko faifan burki. 'Yan kabu-kabu da masu babur mai ƙafa uku na iya shafa wa tanki da jiki, ban da sirdi da mariƙin hannu da taya, saboda santsi. Kaki na ɗauke da sinadaran da ke kama wuta, a nisanta shi da murhu da sigari da hannun yara. Kada a bar gwangwanin cikin mota a rana, zafi na raba man da kakin.

A wajen saye kuma, araha ba ta ado. Gwangwanin da ba shi da sunan kamfani ko bayanin amfani, ko murfinsa a ɓalle, a bar shi. Kowane sabon kaki a fara gwada shi a wani lungu da ba a gani, kamar ƙasan bamba.

Ga mai sayen mota

Wasu nau'o'in kaki da man ƙyalli suna cike ƙananan zane-zane su ɓoye su, har sai an yi wanka uku ko huɗu. Gyara kaya kafin a kai kasuwa ba laifi ba ne, amma mai saye ya san cewa sheƙin ranar ciniki ba shi ne shaidar lafiyar fenti ba. A duba mota da rana, a busashe, ba da dare ko bayan an watsa mata ruwa ba. Da izinin mai ita, a goge ɗan wuri a bonet da sirkakken sifirit a ga abin da ke ƙasa. A kwatanta launin ƙofa da na kusa da ita, a duba bakin robobi ko akwai feshin fenti. Ɗan maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana rage kamu a inda aka cike lotsawa da ƙullun gyaran jiki, muddin jikin motar na ƙarfe ne.

Sau nawa a shekara?

Ga motar da ke aiki kullum a wannan yanki, sau uku zuwa huɗu a shekara ya isa, kuma ya fi amfani a daidaita shi da sauyin yanayi. Na farko a ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin ƙura ta sauko. Na biyu a ƙarshen Fabrairu, kafin zafin bazara. Na uku a ƙarshen Mayu, gab da damina. Wanda ke amfani da karnuba, ko motarsa ba ta da rumfa, ya ƙara ɗaya a watan Agusta.

Tsakanin waɗannan lokuta, abin da zai tsawaita kwanan kakin shi ne wanka da ruwa mai yawa da sabulun da ya dace, ajiye mota a rumfa in da hali, da barin busasshen tsumma a inda yake ranar da aka wayi gari ƙura ta rufe bonet. In babu ruwan da za a watsa mata, gara a share gilashi kawai a bar jikin da ƙurarsa har a samu.